Abokin Kwanona

Bana ruwa ya yi mana irin yaudarar da ya yi mana ina yarinya. Ya sauko da wuri, ya sa kowa ya zuba irinsa a ƙasa, sannan ya ɗauke ƙafa. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga wajen Junju, baƙi wuluk, ya tsaya bisa duwatsun Gaya kamar saurayin da ya zo zance ya kasa yin sallama, har iska ta zo ta kore shi. Ganyen hatsi ya nannaɗe ya zama tsinke. Shanu kuma sun fara gangarowa bakin kogi tun ba a sa wuƙa a gona ba, ina jin kukansu ta bayan katanga.

Duk ranar da hadari ya haɗu bai zubar ba, yatsuna uku na hannun dama suna yi mini zogi. Su ne waɗanda ba su lanƙwasawa. Jikokina sun ɗauka haka aka haife ni. A'a. A bakin kwano na samo su, a lakwal, wato makarantar 'yan Katolika, shekarar da muka ci garin rogo har muka manta ɗanɗanon tuwo.

Lokacin Nasara bai tafi ba tukuna, amma an fara raɗe-raɗin tafiyarsa. Baba fatauci yake yi, yana kai albasa da gishirin Foga hayin kogi, ƙasar Dahome, ya komo da goro. Ya gaji da tsayuwa gaban 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito suna karanta masa takarda yadda suka ga dama, sai ya ce lalle a gidansa a sami mai jin Faransanci. Yayana Garba ya girma, kuma shi gona ce ransa, kullum yana bayan ƙanen Baba, Baffa Idi, a gonarmu ta hanyar Tunuga. Sai abin ya faɗo kaina. Baba ya kama hannuna ya kai ni da kansa, ya tsaya gaban limaminsu, wani tsohon Bature da muke kira Mompera.

"Ga ɗiyata Ramatu. Karatu na kawo ta. Sallarta tata ce."

Mompera ya shafa farin gemunsa ya ce, "Tata ce, Malam. In ta yi wasa da ita, ni zan kawo maka ƙara."

Bai saɓa ba har na bar wurin.

Lakwal ɗin tana bayan gari, cikin giginyu: azuzuwa biyu masu jinkar ciyawa, ɗan ɗakin ibadarsu mai gicciye a ka, rumbu da rijiya, an kewaye da shingen ƙaya. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar kamiyo ne, babbar motar kaya, da aka rataye a reshen tsamiya. Mai kula da cikinmu da ciwonmu wata Baturiya ce da ta ba Allah rayuwarta ba ta yi aure ba, muna ce mata Masera. Doguwa ce siririya, rana ta gasa mata hanci ya yi jawur, Hausarta kuwa kamar ta ɗan yaye. Karatu kuma wani malami ɗan Dahome ke koya mana, muna ce masa mushe.

Kowace safiya mukan yi sahu mu faɗi magana uku, da Faransanci sannan da Hausa. A nan ana koyon karatu. A nan kowa yana riƙe hauya. A nan ba mai ci shi kaɗai.

Ta ukun nan ba a baki ta tsaya ba. Da tsakar rana idan an buga ƙarfe, ba a zuba wa mutum ɗaya abinci. Sai kun zo ku biyu, kowa ya kama gefen kwano. Kuma ba kai ke zaɓen abokin kwanonka ba, Masera ke haɗawa, da gangan take haɗawa: ɗan Dandi da ɗan Zabarma, ɗan masunta da ɗan mahauta, ɗan Kiristan Dahome da jikan liman. Idan abokinka bai iya zuwa ba, ka ɗauki kwanon ka kai masa inda yake ku ci a can. Idan kun yi faɗa, ku shirya kafin ƙarfe ko ku wuni da yunwa ku biyu. Na sha ganin yara riƙe da kwano ɗaya, wannan hanci na jini, wancan leɓe a kumbure, suna harara suna ci. Mompera kansa yana da abokin kwano, wani tsohon kuturu da ke zama bakin shinge.

Na taɓa tambayar Masera dalili. Ta yi ta kokawa da Hausa har na gane. Ta ce a addininsu, da Annabi Isa zai yi bankwana da mutanensa, a kan abinci ya tara su, ya gutsura gurasa ya miƙa wa kowa, har da wanda ya san zai ci amanarsa. Ta ce in ka ci da mutum ka ga yunwarsa, to da wuya ka sake cewa shi ba mutum ba ne.

Mu 'yan mata ba mu da yawa, kowace da abokiyarta, da na zo sai na zama saura. A cikin maza ma akwai saura, don ba mai son zama da shi. Sambo ke nan, ɗan rugar Fulanin da ke sauka fadamar Tunuga kowace shekara. Kurkunu ya ci masa ƙafar hagu, aka kawo shi Masera ta yi jinyarsa har ya tashi, amma ƙafar ta shanye, ba ya iya bin shanu. Ubansa ya ce to ya zauna ya bi takarda. Dogo ne, wuyansa kamar na barewa, gashin idonsa zara-zara, in ya sunkuyar da kai sai inuwarsu ta kwanta bisa kumatunsa. Ba ya magana sai an matsa.

Masera ta dubi saura biyu, ta kama hannuna ta kama nasa, ta ɗora a kwano ɗaya. Mushe ya ja ta gefe ya gaya mata a ƙasar nan mace da namiji ba su sa hannu kwano ɗaya, balle ɗiyar manoma da ɗan makiyaya. Ta ce kwanon bai san haka ba.

Da labari ya kai gida Inna ta tafa hannu.

"Da namiji? Bahillace kuma? Wai matar ga ba ta da uwa a garinsu?"

Garba ya faɗi ƙasa don dariya. "Barka, amaryar ruga! Yaushe za a kawo muna nono?"

Baba ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce, "Yara ne. In ta isa aure sai a raba kwanon."

Ashe wahalar ba a gida take ba, a wurin Sambo take. Bafulatani ba ya cin abinci ido na kallonsa, balle idon mace. Ranar farko muka karɓo shinkafa da wake, ya zauna ya juya mini ƙeya. Ni kuma doka ta hana ni ci ni kaɗai.

"Kai, ba ka jin yunwa?"

"Na ƙoshi."

"Mi ka ci?"

"Na sha ruwa."

"To ni ba raƙuma ba ce. Ka ci, ko in kihe maka shi bisa kai."

Ko motsi bai yi ba. Masera ta zo ta ɗauke kwanon a cike. Washegari ma haka. Da aka sake yin haka na fashe da kuka, kukan haushi. Sai na ji muryarsa can ƙasa, bai waiwayo ba.

"Ki dubi giginya."

Na ɗaga kai na dubi giginya, sai na ji motsin hannu cikin kwano. Haka muka samo hanya. Kafin mu fara yakan tsaga abincin biyu da yatsa, ya jawo malafarsa ya rufe fuska, ni kuma in ci ina kallon sama. Na haddace giginyar nan, na san kowane reshe da tsuntsun da ke kwana cikinsa. Wata da watanni ban taɓa ganin bakin Sambo yana tauna ba.

Sai waccan shekarar ta zo. Bazara ta yi zafi har duwatsun bayan gari suna huci bayan magariba. Guga yana komowa daga rijiya rabinsa laka. Tabarma kanta in ka kwanta sai ka ji kamar an shanya ta bisa murhu. Da ruwan farko ya sauka muka fita muka tsaya cikinsa baki buɗe, ƙamshin ƙasa yana shiga har cikin ƙirji. Da safe Mompera ya tattare farar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya ɗauki sungumi yana sara, mu muna bin sa a gonar lakwal muna jefa iri muna rufewa da diddige. Sambo ya ce ƙafarsa da ke ja ta fi ta kowa iya rufe rami, ba sai ya wahala ba. Ranar na fara jin dariyarsa, ta bi ni har gida, na kwana da ita.

Shuka ta fito kore shar, sai ruwa ya ɗauke. Muna gani ta yi fari ta kwanta. Aka cire iri daga bakin yara aka sake shukawa, tsutsa ta bi ta cinye. Abin da aka shuka daga baya shi ya kama, ya tashi a wahalce, ga girbi da nisa, ga rumbuna an share su har da tsintsiya.

A gida Inna ta koma dafa tafasa da yaɗiya, safe da maraice, har bakinmu ya yi kore. Muka tone murucin giginya tun bai ƙosa ba. Mata suna fita da sassafe da ƙwarya suna fasa gidan tururuwa don ɗan hatsin da suka ɓoye. Daga baya jiragen ruwa suka fara hawo da garin rogo daga Dahome. Ba mu san shi ba sai shekarar. Fari ne kamar yashin kogi, a jiƙa shi ya kumbura ya cika ido, ka ci cikinka ya yi tsiri, kafin ka kai bakin gari yunwa ta komo ta same ka. Mompera ya ba da dokinsa aka musanya da buhunan garin nan. Shinkafa da wake suka zama kunu, kunu ya zama jiƙaƙƙen gari da ɗan gishiri. Yaran da ba 'yan lakwal ba suka riƙa taruwa bakin shinge idan rana ta take. Masera ba ta kori ko ɗaya ba, sai dai ta ce kowa ya nemo na biyunsa. Yunwa ta sa ba ma jin karatu, kunnenmu yana wajen tsamiya, muna jiran ƙarfe.

A kwanakin ne na lura da wani abu. Idona yana kan giginya, amma hannuna yana gaya mini rabona ya fi faɗi. Tsagar nan ta tsakiya kullum tana matsawa wajen Sambo.

"Kana cutar kanka," na ce masa.

"Yatsana ne ya karkace."

"Ƙarya kake."

"Mu da yunwa tare munka girma, ta san ni. Ke baƙuwarta ce. Dubi giginyarki."

Na dubi giginya, amma ban gan ta ba, don idona ya cika. A ranar zuciyata ta fita daga hannuna. Ban san sunan abin ba a lokacin, na dai san in ya yi tari ni ke jin zafin a ƙirji.

Hatsin baya ya fid da kai, ƙanana kamar yatsa. Gaya duka ta zuba masa ido yadda uwa ke kallon numfashin ɗanta marar lafiya. A arewa kuwa ciyawa ba ta fito ba, sai garkuna suka gangaro kogi tun lokaci bai yi ba, baƙin makiyaya waɗanda ba mu sani ba, shanunsu ana ƙirga musu haƙarƙari. Su ma yunwa ce ta koro su. Manoma suka tare a gonaki da sanduna.

Wata safiya shanu suka faɗa gonarmu ta hanyar Tunuga. Baffa Idi ya sari wata saniya a ƙafa da gatari, masu ita suka zare takobi. Ina tsakar gida aka shigo da shi bisa jaki, kansa a tsage daga goshi har kunne, hannunsa damƙe da zangarniyar hatsin da aka tattake. Garba ne ya rungumo shi tun daga gona, rigarsa ta jiƙe ta manne masa a jiki. Bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da ya fi.

Aka binne Baffa kafin azahar, kuma daga maƙabarta maza ba su komo gida ba, fadama suka nufa. Waɗanda suka yi kisan sun riga sun haye kogi. Rugar da aka tarar ta su Sambo ce, mutanen da suke sauka nan tun kafin a haife ni, amma ba wanda ya tsaya tambaya. Aka sa wa bukkoki wuta, aka fasa ƙore, aka doki tsofaffi da mata, aka bi shanu ana datse musu agara suna faɗuwa suna kuka. Daga ƙofar gidanmu muna hango hayaƙi. Uban Sambo ya tsira da abin da ya saura ya faɗa ruwa. Kafin magariba gari duka ya ɗauki ƙaurin nama, wanda muka daɗe ba mu ji ba. Inna ta ja ƙyaure ta ce naman nan ba zai shiga tukunyarta ba. Tana faɗa tana haɗiyar miyau.

Da gari ya waye ta ce kada in taka ko'ina. Na bari ta juya baya na fice. Sambo a lakwal yake kwana, kuma in ban je ba ba za a zuba masa ba.

Kumandan, Baturen da ke mulkin Gaya, ya tafi Doso da 'yan sandansa, ba mai tsawatawa a gari. Masera ta sa Sambo cikin rumbu, wanda dama ba kome ciki, ta rufe. Mu kuma aka tara mu aji ɗaya, mushe yana ta maimaita mana karatun da ba mai ji. Rana ta kusa tsaka muka ji hayaniya tana matsowa. Na leƙa ta tsagar ƙyaure. Maza ne da yawa, da sanduna da gatura, Garba a gaba, bai canja rigar jiya ba, riƙe da gorar Baffa Idi. Wani ya tuna musu akwai saura ɗaya a lakwal ɗin Nasara.

Mompera ya tsaya a bakin shinge hannu sake.

"Sannunku. Na ji rasuwar Idi. Allah ya jiƙansa."

"Ba gaisuwa munka zo amsa ba," in ji Garba. "Hiddo muna Bahillacen."

"A nan yara gare ni. Ban rarraba su ba."

Wani daga baya ya ce, "Tsoho, kauce! Wanga ba maganar Nasara ba ce!"

"In za ku shiga, sai dai ta kaina."

Ta kansa kuwa suka shiga. Ban ga wanda ya kai dukan ba, ƙarar na ji, kamar an fasa duma. Ya faɗi cikin ƙaya, farin gemun ya rine, aka bi ta kansa. Suka birkice ɗakin ibada, suka leƙa rijiya. Da ba su ga Sambo ba sai wani ya kunna dammin ciyawa ya nufo ajinmu yana cewa a cikin yara aka ɓoye shi, a sa wuta kowa ya fito. Muka fara kururuwa.

Sai murfin rumbu ya ɗaga. Sambo ya sauko da ƙyar, ya ja ƙafarsa har gindin tsamiya.

"Ga ni. Ku bar ɗakin, akwai ƙanana ciki."

Suka rufe shi. Na ga sanduna suna tashi suna sauka kamar ana sussuka. Wani ya taka masa shanyayyar ƙafar, malafarsa ta gangara gefe. Bai yi ihu ba, wani ɗan nishi kawai yake yi duk sanda ta sauka, kuma kowane nishi a haƙarƙarina nake jin sa. Masera ta kutsa tana ihu da Faransanci, aka hankaɗe ta ta faɗi daidai ƙarƙashin ƙarfen kamiyo. Daga baya na tambaye ta ko dabara ce ta yi, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta dai lalubo guduma ta miƙe ta buga ƙarfe, bugun abincin rana.

Yunwa ta riga ta koya wa ƙafafunmu wannan ƙara. Kafin mushe ya tare ƙofa yara sun ɓalle, biyu biyu, kowa ya jawo abokinsa, suka wawuri kwanoni. Mushe ya bi mu ya kama ludayi. Mazan nan suka yi turus, don 'ya'yansu ne ke ratsa tsakanin ƙafafunsu.

"Kai Hasan! Mi kake yi nan, ɗan banza?"

"Abinci, Baba."

Kowa ya karɓa ya tafi inda ya saba zama, inuwar tsamiya, inda Sambo ke kwance. Na iso bakin tukunya ni kaɗai da kwano. Mushe ya dube ni.

"Ina abokinki?"

"Ga shi can. Bai iya zuwa."

"To ki kai masa," ya ce, ya zuba.

Na ratsa su. Na ajiye kwanon kusa da kan Sambo na zauna. Idonsa ɗaya ya rufe, jini na fita ta baki da kunne. Garba yana tsaye a kansa.

"Ramatu, tashi."

"Yaya, yunwa nike ji."

"Tahi gida ki ci."

"Ba a ci mutum ɗaya."

"Jinin Baffa bai bushe ba a rigata, ke kina zaune da wanga!"

"Shi ya kashe shi? Da wace ƙafa ya je gonar?"

Aka ce, "Janye ta, Garba, mu gama!" Garba ya ɗaga gorar da hannu biyu. Kan Sambo ya auna. Ni dai na san na ɗora hannuna a kan nan, yadda ake rufe wa fitila iska.

Ban ji zafi da farko ba. Na ga yatsuna sun kwanta baya kamar karan da aka taka, jini yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga cikin farin gari, inda na Sambo ya riga ya fantsama. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar wutar dammin da aka yar a ƙasa. Garba ya tsaya baki buɗe yana kallon hannun.

Wani tsohon masunci da ya biyo taron ya matso, ya leƙa kwanon, ya ce da irin Hausarsu ta bakin kogi, "Yaro, jinin gidanku ya gamu da nashi cikin kwano guda. Wanne za ka ware?" Ya zare gorar daga hannun Garba ya wurga bayan shinge.

Daga nan kowa ya fara neman ɗansa. Yara kuwa suka riƙe kwanoni suka ƙi tashi sai sun gama. Na ga wani ƙato da gatari a kafaɗa yana tsaye yana jiran ɗansa ya suɗe kwano da ɗan Dahome. Suka zame ɗaya ɗaya, ba mai kallon wani. Tsohon kuturun nan ne ya jawo Mompera daga cikin ƙaya.

Garba ya durƙusa, muryarsa ta koma ta yaro. "Taso in kai ki ga maɗori."

"Sai na ci."

Amma da wane hannu? Na dama ya tafi, na hagu ba a ci da shi. Sai Sambo ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago. Ya kawar da inda jini ya taɓa, ya dunƙula loma daga gefe mai tsabta, ya kawo bakina. Ban dubi giginya ba. Shi ma bai nemi malafa ba. Da ido ɗayan da ya rage masa ya dube ni, ya ba ni, sannan ya dunƙula tasa ya ci a gabana, a gaban yayana da sauran jama'a, yana tauna da fasasshen baki. Ba mu tsaga kwanon ba ranar.

Mompera ya tashi da rami a goshi, kunne ɗaya ya mutu. Da kumandan ya komo ya nemi sunayen waɗanda suka shiga, Mompera ya ƙi faɗa, ya ce 'ya'yansu za su zo karatu gobe, ba zai sa su zo da ubanni a kurkuku ba. Da Sambo ya ɗan ji sauƙi, tsohon masuncin ya haye da shi wurin ubansa. Maɗori ya yi abin da zai iya, yatsa uku suka ƙi. Hatsin da ya tsira aka girbe shi, bai kai mu ko'ina ba, amma ba mu mutu ba. Aka haɗa ni da wata sabuwar yarinya, na koyi ci da ludayi, ina ci ina kallon giginya ba gaira ba dalili.

Shekaru suka wuce, aka sauke tutar Nasara. Wata rana wani dogon mutum mai ɗingishi ya jingine keke a ƙofar zaurenmu, ma'aikacin allurar shanu ne da aka turo Gaya. Da Baba ya ji abin da ya kawo shi sai ya yi dariya har ya ƙware da goro, ya ce, "Ni da na ce in ta isa aure a raba kwanon."

Garba bai zo ɗaurin aure ba. Bai taɓa taka gidanmu ba. In sun haɗu da Sambo a masallaci sukan gaisa a taƙaice. Amma duk kaka dammin farko na gonar Tunuga a ƙofarmu ake sauke shi, ba saƙo ba sallama. Sambo kuwa, duk zamanmu shi ke yi mini lomar tuwo, 'yar daidai bakina, da ɗan rami na miya. Unguwa ta yi gulmar mai ci da matarsa har ta gaji.

Bara da kaka Sambo ya rasu. Tun daga nan fura da kunu nake sha. In an kawo tuwo sai ya koma yadda ya zo. 'Ya'yana sun sayo mini cokula, sun yi magiya, sun yi faɗa. Ba taurin kai ba ne, ba ya wucewa ne.

Shekaranjiya, hadari ya sake haɗuwa ya watse, ina zaune ina murza yatsuna, sai na ji babur ya tsaya. Garba ne jikansa ya goyo, ya tsufa ya rankwafa, yana laluben hanya da sanda. Bai tsaya a zaure ba, ya shigo har tabarmata ya zauna yana haki. Jikata ta kawo tuwo kwano biyu, kamar yadda ya kamata.

"Mai da guda," ya ce mata.

Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa. Ya jawo kwanon tsakaninmu, ya gutsura, ya dunƙula, miya na zuba. Ya ɗago ya kawo saitin bakina.

"Buɗe, amaryar ruga."

Lomar ta yi girma, kuma bai san ana yi mata rami ba. Na ci.